Olman, Kalmar da Ɗana Yake Kiran Wani da Ita

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa, kuma gare Shi nake neman tsari daga abin da nawa ƙirjin ya ɗauka.

Rayuwata ta tafi a kan kalmomi. Tun ina saurayi nake zaune gaban malamai a zangon Sokode ina koyon lugga, har aka wayi gari ni ma ana zama gabana. Na san kalmar da Larabawa suke faɗa idan suna nufin uban da ya haifa, na san wadda suke faɗa idan suna nufin wanda ya rena, na kuma san wadda ɗa yake faɗa idan yana lallashin mahaifinsa. Ban taɓa zaton kalmar da za ta hana ni sukuni a tsufana za ta fito daga tashar mota ba, kuma daga Ingilishi, harshen da ban san ko gaisuwarsa ba.

Kafin in kai ga kalmar, dole in faɗi yadda muke da ɗana. Shi ne ɗan farina, kuma mu gidanmu ana kunyar ɗan fari kamar yadda aka gada. Ni ma ɗan farin mahaifina ne, har Allah Ya karɓi ransa ban ji sunana a bakinsa ba. Haka na yi da nawa. Ban ɗauke shi a kafaɗa ba, ban yi masa wasa ba, idan zan ambace shi sai in ce "yaron nan". Shi kuma ya tashi yana kirana Malam, yadda ɗalibai suke kirana. Yakan durƙusa a bakin zaure, idonsa a kan tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi a taƙaice, ya tashi. Tarbiyya na ɗauki wannan, kuma har yau ban sake ra'ayi ba.

Ya yi karatu gwargwadon abin da zai gyara ibadarsa, amma zuciyarsa tana wurin injin mota. Da na ga haka ban matsa masa ba. Akwai wani Alhaji, mutumin Nijeriya da ya daɗe yana yawon tashoshi tsakanin Legas da Kumasi kafin ya zauna a Dapaong, yana da manyan motoci masu kai shanu Lome. An shaide shi da salla da riƙon amana. Ni da hannuna na damƙa masa yaron. Ya fara da karen mota, ya zama direba, ya yi aure a can.

Hanyarsu ta Sokode take bi, saboda haka yakan tsaya ya gaishe mu. Wata rana da damina, ubangidan nasa ya biyo shi, sai na ga ya dace in fita bakin titi in tarbe shi. Na iske motar a gindin bishiyar mangwaro, shanu suna leƙe ta tsakanin katako. Ɗana bai gan ni ba. Ya zagaya ɗaya ƙofar, ya buga ta da tafin hannu, ya ɗaga murya:

"Olman! Sauko mana, ko sai na kira masu sauke bajimai?"

Alhajin mutum ne mai jiki. Ya zuro ƙafa ɗaya yana laluben matakala, ya ce, "Ɗan nema, riƙe ni. In na faɗi, kai za ka ciyar da iyalina."

"Ai iyalin masu sauƙi ne, Olman. Wannan tumbin ne ba zan iya ba."

"Tumbin nan ya koya maka tuƙi, mara kunya!"

Sai ɗana ya yi dariya. Ya ɗaga kansa sama, ya buɗe bakinsa duka, hannunsa ɗaya a kafaɗar mutumin. A nan na ga wani abu da ban sani ba: akwai giɓi a gefen bakinsa, haƙori ɗaya babu. Yaushe ya fita, mene ne ya cire shi, ban sani ba, domin ban taɓa ganin cikin bakin ɗana ba. Yana juyowa ya gan ni, fuskarsa ta rufe kamar an ja labule. Ya durƙusa a kan jar ƙasa, ya ce, "Malam, barka da rana." Na amsa kamar kullum. Na yi wa baƙona maraba, na sa aka kawo musu wake da shinkafa, na yi musu addu'ar hanya. Amma kalmar ta bi ni har gida.

Da farko na ƙarfafa wa kaina cewa rashin ladabi ne, kuma na ji daɗin wannan zato, domin in haka ne, da na sami abin yi masa faɗa. Ina da maƙwabci tela, Bakotokoli, wato ɗan ƙabilar garin nan, wanda ya yi shekaru yana ɗinki a Kumasi. Tsarana ne, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suke iya tsokanata. Na je shagonsa da sunan a rage mini hannun riga, na jefa tambayar kamar ba ta dame ni ba.

Ya tsayar da keken ɗinkin ya dube ni ta saman tabarau. Hausarsa irin ta zango ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, malam kuma Alfa yake ce masa. Ya ce, "Alfa, kai da littafi ya cika ɗaki, yau ka zo makarantar tela? To zauna, ɗalibi. Olman, tsoho ke nan. Shi ke nan fassara."

"To zagi ne."

"A'a, tsaya. Magana ɗin yana da hawa-hawa. In yaro ya ga dattijo da bai sani ba yana tare hanya, ya ce olman matsa, wannan raini ne, a mare shi. In 'yan tasha suka ce wa mai mota olman, girma ne, amma girma na cikin gida, wanda ana ci kwano ɗaya. In kuma mutum ya ce olman ɗina, to ubansa yake nufi, wanda ya haife shi."

"A littafinsu haka yake?"

"Wane littafi? Ba a rubuta shi a takarda, ba a faɗa wa alƙali, ba a faɗa wa jandarma. Magana ne na baki." Ya ciji zare ya tofar, ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya dai, Alfa. Mutum ba ya ce olman ga wanda yake tsoro."

Na karɓi rigata ba tare da an taɓa hannunta ba.

Malamanmu sun koya mana cewa kalma tana da ma'anar da aka kafa ta a kai, tana kuma da ma'anar da al'adar masu magana ta ɗora mata, kuma idan biyun suka haɗu a zancen mutane, al'ada ake bi. Da wannan ma'auni na auna kalmar. A asali ba ta ce komai ba sai yawan shekaru, wanda ni ma nake da shi, har na fi Alhajin. A al'ada kuwa tana auna tazara ce tsakanin mutum biyu. Tana cewa: kai babba ne, amma hannuna yana kai wa kafaɗarka. Malam kuma, kalmar da na yi shekaru ina wahala kafin in cancance ta, tana cewa: kai babba ne, ga tabarma tsakaninmu.

Daga nan kunnena ya buɗe. Kalmar da ban taɓa lura da ita ba sai ga ta ko'ina. Na ji ta a bakin masu babur da suke jiran fasinja a ƙofar kasuwa. Na ji wani mai sayar da taya yana waya yana cewa olman ɗinsa ba shi da lafiya a Aouda. Na ji wasu samari suna faɗa wa wani mai gadi ita da izgili, na tsawata musu. Duk inda na ji ta sai in tsaya in rarrabe a wane hawa take daga cikin ukun da tela ya faɗa. Wadda ta fito daga bakin ɗana ce kaɗai na kasa yanke wa hukunci: ta biyu ce, ko ta gangara zuwa ta uku?

Malamai sun raba tsakanin mai fatan ni'ima ta gushe daga ɗan'uwansa da mai fatan ya sami irinta. Na farko abin zargi ne, na biyu an yi rangwame a kansa. Na nemi in ajiye kaina a na biyu, sai na ga ban shiga ba. Ba na son ɗana ya buga mini ƙofa ya kira ni olman. Da zai yi, da na ɗauka ya zautu. Abin da nake so shi ne kada ya kira wani da ita. Na faɗa wa mahaifiyarsa wani yanki na wannan, a kaikaice. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, ai kai ka kai shi. Tukunya kuwa ƙanshin miyar da aka dafa a cikinta take yi."

Ana nan sai matar ɗana ta haihu. Kunya ta hana shi sanar da ni da bakinsa, saboda haka muryar Alhajin ce ta fito daga wayata. Ya ce, "Allah gafarta Malam, albishirinka. Mun sami ƙaruwa, namiji." Na ce goro, na yi hamdala, amma wannan "mun" ta tsaya mini a rai. Ya ce sun yanke shawara ba wanda zai raɗa sunan sai ni.

Nan ne abin ya taru wuri ɗaya. A al'adarmu ɗan fari namiji sunan kakansa yake ci. Amma al'adar ba ta hana mutum ya sa wa ɗansa sunan wanda ya yi masa rana ba. Ni kaina na raɗa irin wannan suna ba sau ɗaya ba a zango, har na yi wa jama'a wa'azi a kan falalar godiya ga wanda ya kyautata maka. To idan ɗana ya zaɓi ubangidansa, ba ni da hujjar da zan tsaya a kai, kuma ni ne zan ɗaga murya a gaban jama'a in faɗi sunan. Tela bai bar ni ba. Da ya zo yi mini barka, ya ce, "Alfa, ka sha zuma kafin ka tafi. In sunan olman ne, kada murya ya shaƙe."

Muka kama hanya ni da mahaifiyarsa. Muka haye duwatsu, muka wuce Kara, muka ƙetare kogi a Mango, itatuwa suna raguwa, ƙasa tana buɗewa, gero da dawa sun yi kore har iyakar gani. Carbi yana hannuna, amma ba zan ce zuciyata tana tare da shi ba.

A gidan Alhajin aka sauke mu. Ya ba ni ɗakinsa, ya sa aka shimfiɗa sabon buzu, ya kawo mini ruwan alwala da kansa. Na nemi aibi ɗaya a cikin karamcinsa ban samu ba, wannan kuwa ya fi komai ƙona mini rai. Ranar jajibirin suna ya ja ni zuwa inda motocinsa suke lodi. Can na ga kalmar a gidanta. Mobawa, 'yan ƙabilar yankin, masu tura shanu kan gangara zuwa cikin mota, suna ce masa olman. Fulanin da suka koro dabbobin suna ce masa olman. Har mai sayar da koko. Amma su a gajarce suke faɗa, kamar an jefa tsakuwa. Ɗana kuwa jan ta yake yi, yana lanƙwasa ƙarshenta, kuma Alhajin yakan juya tun kafin ta ƙare.

Bayan la'asar muka zauna a inuwa mu biyu. Na ce, "Alhaji, wannan sunan da yaran nan suke kiranka, ba ya damunka?"

Ya yi dariya har tumbin ya motsa. "Malam, ranar da yaronka ya ce mini Alhaji, to ɗayan biyu ne: ko mota ta mutu a daji, ko ya yi fushi da ni. Ni dai a bar ni da olman ɗina, na fi barci."

Can na ce, "Na ga kamar ya rasa haƙori."

"Af, bai faɗa muku ba? A kasuwar Naki-Est ne. Wani bajimi ya ƙwace wajen lodi, ya nufo ni, ni kuwa ka ga yadda nake, gudu ba nawa ba ne. Yaron nan ya shiga tsakani. Ƙaho ya goge shi a baki. Ni na kai shi asibiti, jini har gaban rigata, yana ce mini kada in gaya wa mutanen Sokode."

Ya faɗi wannan ne domin in yi alfahari, kuma na yi. Amma tare da alfaharin akwai wani abu mai ɗaci: ɗana ya ba da haƙorinsa saboda wani, kuma jininsa a rigar wani ya zuba. Wataƙila Alhajin ya karanci fuskata, domin ya sassauta murya ya ce, "Malam, ka san kuwa kai ma yana kiranka da ita? In ya tsayar da mota don salla, yara suna gunagunin za a makara, sai ya ce su yi haƙuri, olman ɗinsa na Sokode ne ya saba masa."

Na ce, "Allah Ya yi masa albarka." A raina kuwa na ce, abincin da aka zuba da sunanka a garin da ba ka nan, ba kai ka ci ba.

Washegari bayan sallar asuba jama'a suka cika ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, an ɗaure rago a gefe, ga goro da dabino a faranti. Aka zaunar da ni a tsakiya. Ɗana yana can ƙarshen taro, kansa a ƙasa. Na jira ya matso ya faɗa mini sunan a kunne, bai motsa ba. Sai na ga ya raɓa kusa da ubangidansa ya yi masa raɗa. Alhajin ya miƙe da ƙyar, ya ratso mutane yana neman gafara. Na ce a raina, shi ke nan, ya aiko mai sunan da kansa. Na shirya harshena.

Ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kawo bakinsa kusa da kunnena. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ya ce shi ba zai iya faɗa ba, ni ma kuma ba zan iya ba. Naka ne."

Na yi shekaru ina raɗa sunayen 'ya'yan mutane, ban taɓa jin nauyin suna kamar ranar da na faɗi nawa ba. Muryata ba ta shaƙe ba, na gode wa Allah. Aka shafa fatiha, aka yanka rago, aka yi ta yi mini barka. Na samu abin da na zo nema. Duk da haka ban kasa lura da cewa ko sunan nawa ma ta bakin mutumin nan ya iso gare ni ba.

Da hantsi aka ce in shiga in ga takwarana. Ina isa bakin ɗakin na tsaya, domin na ji muryar ɗana a ciki. Ta gefen labule na hango shi zaune a bakin gado, jaririn a hannunsa. Ɗan farinsa ne, kamata ya yi a ce ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane, amma ga shi ya rungume shi, kuma ba wanda zai zarge shi, domin wanda ya ci sunan uba, uba ne. Yaron da aka sa wa sunan kaka ba a kiransa da sunan, sai a nema masa laƙabi: wasu su ce Abba, wasu Baba, wasu Malam ƙarami. Ɗana ya kawo hancinsa kusa da na jaririn, ya ja kalmar yadda yake jan ta, ya ce:

"Olman. Kai, Olman, buɗe ido mana. Duk garin nan saboda kai aka taru, kana barci? Wa ya koya maka wannan sarauta?"

Ya yi dariya, giɓin ya bayyana. Na tsaya a wurin fiye da yadda ya kamata. Da na yi gyaran murya, ya miƙe da sauri, ya miƙa wa wata tsohuwa jaririn, ya durƙusa. "Malam, sannu da ƙoƙari." Na karɓi takwarana na yi masa addu'a. Jika abokin wasan kaka ne, saboda haka na ce masa, "Ka ƙwace mini suna, saura matata, ko? To ka yi sauri ka yi haƙori, ka zo mu gwada." Mata suka yi shewa. Ɗana ya yi murmushi, baki a rufe.

Laƙabin ya bi yaron. Yau duk Dapaong ba wanda yake kiransa da wani abu sai shi. Sunana yana kansa, amma ba mai faɗa. Kalmar tasha ce ake ji safe da yamma. Na tambayi tela wane hawa ne wannan a cikin ukunsa, ya ce, "Alfa, wannan ba a Kumasi na koya ba. Kai da ɗanka kuka ƙirƙira."

Yanzu yaron ya fara tafiya, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗana yakan kira ni domin takwarana ya gaishe ni. Na lura cewa yakan danna kiran ya ajiye wayar, ya tafi kamo yaron. Idan na ɗauka nakan ji shi daga nesa yana cewa, "Olman, zo nan! Ajiye takalmin mutane. Olman, wallahi in na kama ka!" Sai dariya, tasa da ta yaron. Da zarar na yi sallama muryar takan sauka, ta koma wadda na sani, ya ce, "Malam, barka da Juma'a."

Na san wanda ya fara sallama shi ya fi lada, kuma ni na koyar da haka shekara da shekaru. Amma ranar Juma'a, idan na ɗauki wayar, nakan ɗan jinkirta tawa.